Citroën 2CV: Tambayoyi da Amsoshi kan Motar Manomi da Kwandon Ƙwai

Duk wanda ya fara ganin hoton Citroën 2CV sai ya yi murmushi. Ga rufin tampol, ga fitilu sun tsaya cirko-cirko a kan hanci, ga tayoyi sirara kamar na babur. Amma motar nan ta shekara 40 da ɗoriya ana ƙera ta, kuma har gobe masu son sanin kan inji suna komawa gare ta su yi nazari. Ina cikin masu ganin cewa ba a taɓa yin wata mota da aka zuba wa tunani mai yawa don talaka kamar ta ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Wace irin mota ce, kuma me sunan yake nufi?

Ƙaramar mota ce mai ƙofa huɗu, ta kamfanin Citroën na Faransa. An fara nuna ta a bajekolin motoci na birnin Paris ranar 7 ga Oktoba, 1948, aka soma miƙa wa masu saye a 1949. Da Faransanci sunan yana nufin "doki biyu". Sai dai ba ƙarfin injin ake nufi ba. Lissafi ne na haraji: gwamnatin Faransa tana aza wa mota haraji gwargwadon girman injinta, ita kuwa wannan ta faɗa a ajin doki biyu, kusan ƙarshen ƙasa. Ainihin ƙarfin injin farko doki 9 ne.

Wa ya kawo tunaninta, kuma don wa aka yi ta?

A 1934 kamfanin Citroën ya karye, sai Michelin mai yin tayoyi, wanda ya fi kowa bin sa bashi, ya karɓe shi. Cikin mutanen da Michelin ya turo akwai Pierre-Jules Boulanger, wanda daga baya ya zama shugaban kamfanin. Faransa ta wancan lokaci ƙasar manoma ce, kuma yawancinsu da keken doki suke kai amfanin gona kasuwa, a kan hanyoyin da damina ke mayarwa caɓi. Mota kuwa ta masu hali ce.

Wajen 1936 Boulanger ya ɗora wa injiniyoyinsa aiki. Ya ce yana son motar da za ta ɗauki manoma da kaya kilo 50, ta yi gudu daidai gwargwado a kan mummunar hanya, ta sha mai kamar lita 3 a kilomita 100, wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba ya iya koyon tuƙinta ba wahala. Sharaɗin da ya fi shahara shi ne na ƙwai: a ɗora kwandon ƙwai a kujera, a ratsa gonar da aka yi wa huɗa, kada ko ɗaya ya fashe.

André Lefèbvre ne ya ja ragamar aikin. Daga ƙirar jiragen sama ya fito, inda kowane kilo abin lissafi ne, kuma wannan ɗabi'ar ta bi shi har cikin motar. Ana faɗin cewa Boulanger yakan sa a auna nauyin kowane ƙarfe da aka kawo masa kafin ya yarda a sa shi. Dogon mutum ne, don haka ya dage sai ya iya zama a ciki da hularsa a kai. Tsayin rufin motar daga nan ya samo asali.

In an fara a 1936, me ya sa sai 1948 ta fito?

Yaƙi ne ya gitta. Zuwa 1939 an riga an haɗa motocin gwaji kimanin 250, ana shirin nuna su a bajekolin watan Oktoba, sai Faransa ta shiga yaƙi da Jamus a Satumba, aka soke taron. Boulanger bai so aikin ya faɗa hannun Jamusawa ba. Aka farfasa yawancin motocin, aka ɓoye 'yan kaɗan. Uku daga ciki sai a shekarun 1990 aka gano su a saman wani rumbu a La Ferté-Vidame, filin gwajin kamfanin.

Jinkirin nan alheri ya zama. Motar 1939 fitila ɗaya gare ta, bodinta alminiyam, injinta mai sanyaya da ruwa, giyarta uku, kujerunta a rataye da waya daga rufi. A shekarun yaƙi alminiyam ya yi tsada, aka koma ƙarfe. Walter Becchia ya zana sabon inji mai sanyaya da iska, Flaminio Bertoni ya gyara siffar bodin. Wadda ta fito a 1948 ta fi ta farko nagarta nesa ba kusa ba.

'Yan jarida sun yi mata dariya a ranar farko, wasu suka kira ta laima mai taya huɗu. Jama'a kuwa suka yi layi. Cikin ɗan lokaci sai mutum ya jira shekaru kafin a ba shi tasa, har ta kai wadda aka hau ta fi sabuwa tsada, don ita ba jira. Kamfanin ya riƙa fifita likitocin karkara, unguwarzoma, likitocin dabbobi da ƙananan manoma.

Inji ba lagireto, ba ya yin zafi?

Silinda biyu ne a kwance, ɗaya na duban dama ɗaya hagu, suna fuskantar waje inda iska ke dukansu. Fanka tana manne kai tsaye a hancin karanshaf, wato babban ƙarfen da ke juyawa a tsakiyar inji. Idan injin ya ƙara juyi, fanka ta ƙara hura iska, ba sai an sa wata na'ura ta lura da hakan ba. Bayan fankar akwai ɗan abin sanyaya baƙin mai, saboda a inji irin wannan baƙin mai ma yana ɗauke zafi.

Duba abubuwan da suka fita daga lissafi: ba lagireto, ba famfon ruwa, ba tiyo da zai tsage, ba ruwan da zai daskare da sanyin hunturun Turai ko ya tafasa a kan tudu. Duk direban da ya taɓa tsayawa bakin hanya da galan yana jiran lagireto ya huce ya san darajar wannan.

Ba a tsaya nan ba. Tsakanin kan silinda da silindar ba gasket, wato ɗan faifan da ake sawa a tsakani don kada mahaɗar ta yi yoyo. An goge fuskokin biyu ne har suka haɗu tsaf, don haka babu gasket ɗin da zai ƙone. Babu kuma abin rarraba wuta zuwa fulogi. Kwayil guda ne mai baki biyu, fulogi biyun suna tartsatsi lokaci ɗaya a kowane juyi. Ɗaya ya tarar da fetur a matse ya kunna shi, ɗayan ya tarar da hayaƙi mai fita, tartsatsinsa ya tafi a banza ba tare da cutar da komai ba. Asarar tartsatsi ɗaya ta sa an huta da kayan gyara guda da ke yawan ba da matsala a motocin zamanin.

Ko batir ya mutu, akwai hannun tayarwa da ake zurawa ta gaba a murɗa. Shi ne kuma sifanar kwance taya. Har motar ƙarshe ba a daina sa shi ba.

Doki 9 zai iya jan mota da mutum huɗu?

Zai iya, don motar duka nauyinta kilo 500 ne ko kusa da haka. Injin farko cc 375 ne, iyakar gudunsa wajen kilomita 65 a awa, a hanya miƙaƙƙiya. A kan tudu da kaya sai haƙuri. A 1954 aka kawo cc 425 mai doki 12, a 1970 aka kawo cc 435 da cc 602. Na ƙarshen nan ya kai doki 29, yana iya kilomita 115 a awa.

Abin da ya kamata a gane shi ne an gina injin don a taka shi har ƙasa a bar shi haka awa bayan awa. Ƙarfin da ake nema daga gare shi bai kai abin da ƙarafansa za su iya ɗauka ba. Burin lita 3 dai bai cika ba. Na farko-farko sukan sha lita 4 zuwa 5 a kilomita 100, wanda a lokacin ma abin yabo ne.

To, batun ƙwai fa? Yaya aka yi mota mai arha ta yi laushi haka?

A nan ne zuciyar motar take, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan dakata.

A yawancin motoci kowace taya da sifirin ɗinta a tsaye a samanta, kowace na fama da nata ramin ita kaɗai. A 2CV kowace taya tana kan wani dogon hannu mai lanƙwasa. Hannun tayar gaba ya miƙa gaba, na tayar baya ya miƙa baya, su biyun suna lilo daga jikin shasi. Sifirin ɗin kuwa a kwance suke, cikin wani bututu da ke ƙarƙashin ƙofofi, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Kowane bututu sifirin biyu ne a cikinsa: sanda daga hannun gaba tana jan ɗaya, sanda daga hannun baya tana jan ɗayan. Shi kansa bututun ba a ɗaure shi kam ba, an bar masa ɗan wurin motsi gaba da baya.

Yanzu ka ɗauka tayar gaba ta hau kunya. Hannunta ya ɗaga, ya ja sanda, sanda ta matse sifirin, sifirin ya ja bututun gaba kaɗan. Motsin bututun sai ya ja sandar baya, tayar baya ta danna ƙasa, gindin motar ya ɗan ɗaga. Maimakon hanci ya yi sama gindi ya yi ƙasa, sai motar duka ta tashi tare, a daidaice. Tayar gaba ta sanar da ta baya abin da ke zuwa kafin ta iso shi. Ba waya, ba mai, ba kwamfuta, sanda da bututu kawai.

Sifirin masu laushi suna da nasu aibin: taya mara nauyi takan riƙa tsalle a kan gargada har ta daina taɓa ƙasa. Maganin da aka yi wa wannan a motocin farko ya burge ni ƙwarai. A jikin kowace taya aka ɗaura wani ɗan gwangwani, cikinsa dunƙulen ƙarfe a kan sifirin. Taya ta yi sama, dunƙulen ya yi ƙasa, ya kashe tsallen tun a wurin, ba tare da an kai girgizar jikin bodi ba. A mahaɗar hannayen kuma akwai faifai masu gogayya da ke rage lilo. Daga baya ne aka koma shakazoba irin wadda aka saba.

Akwai wasu dabaru biyu da ke taimakawa. Birkin gaba ba a cikin taya yake ba, an manna shi a jikin giyabos, don tayar ta rage nauyi ta fi bin ƙasa. Sannan tayoyin na Michelin ne, sirara masu tsayi, faɗinsu milimita 125. Siririyar taya tana yanka taɓo ta tarar da ƙasa mai tauri, kuma ba ta cin ƙarfin inji.

Na ga hotonta a kwana ta karkace kamar za ta kife. Ba ta da haɗari?

Karkacewar gaskiya ce, tana tsorata wanda bai saba ba. Amma bodi ne ke kwanciya, tayoyin suna nan dafe da ƙasa. Inji da giyabos da sifirin duk a ƙasa-ƙasa suke, saman kuwa tampol ne da siririn ƙarfe, don haka nauyin yana can ƙasa. Tayoyin gaba ne ke ja, nauyin inji yana kansu. Kifar da ita a tafiyar gaba abu ne mai wuya ƙwarai. Haɗarinta a wani wuri yake, zan zo kansa.

Rufin tampol da gilashi mai naɗewa, ba rowa ba ce kawai?

Tsimi ne, amma kowane da dalilinsa. Bayan yaƙi ƙarfe ya yi ƙaranci a Faransa, tampol kuwa ya fi arha ya fi sauƙin nauyi. A motocin farko yana naɗewa tun daga gilashin gaba har kusan bamba ta baya, sai manomi ya tsayar da dogon kaya a ciki. Sai a 1957 aka sa wa but murfin ƙarfe. Murfin inji siririn kwano ne, aka yi masa gurza-gurza kamar kwanon rufin ɗaki don ya yi ƙarfi ba tare da kauri ba.

Gilasan duk shimfiɗaɗɗu ne, masu sauƙin yankawa. Na ƙofar gaba rabinsa na ƙasa ake ɗagawa sama a maƙale, ba injin murɗawa a cikin ƙofa. Kujeru bututun ƙarfe ne da zaren roba da ƙyalle a kai, ana cire su a ajiye a gindin bishiya a zauna. Ƙofofi da murfin inji zare su ake yi daga maƙalinsu.

Waifa ma da wayar agogon gudu take aiki: in ka yi sauri ta yi sauri, in ka tsaya ta tsaya, sai ka murɗa da hannu. Wannan kam an yi tsimin da ya wuce kima, kuma kamfanin ya koma ta lantarki a farkon shekarun 1960. Mai kuwa da sanda ake auna shi a tanki. Launi ɗaya ne, toka-toka, har wajen 1959.

Lura da inda aka matse hannu da inda aka sake shi. An hana motar ado, amma an ba ta giya huɗu a zamanin da irinta uku suke da shi, an ba ta birki mai aiki da mai a tayoyi huɗu, da sitiyari mai kaifin ji. Duk abin da zai bar manomi a daji an kashe masa kuɗi.

Yaya ake sa giyarta?

Sandar giyar daga cikin dashbod take fitowa, da ƙwallo a kanta. Turawa ake yi, a jawo, a murɗa dama ko hagu. Ta ɗaya da ribas suna layi ɗaya, abin da ke taimakon wanda ya kafe a taɓo yana son ya yi gaba-baya da sauri. Ta biyu da ta uku ma layi ɗaya, su ne na cikin gari. Tun da sandar ba a ƙasa take ba, daɓen motar ya zama fili. Daga 1954 akwai masu kuloci da ke kama kansa idan inji ya ɗauki juyi, don kada motar ta riƙa mutuwa a cunkoso.

Mene ne bambancinta da Volkswagen mai siffar kunkuru da muka sani?

Dukansu iska ke sanyaya injinsu, dukansu an faro su kafin yaƙi don mai ƙaramin ƙarfi. Daga nan suka rabu. Ta Jamus silinda huɗu ce, inji a baya, tayoyin baya ke turawa, an yi ta da tunanin manyan titunan kwalta. Ta fi nauyi, ta fi gudu, bodinta ya fi ƙwari. Ta Faransa silinda biyu, inji a gaba, ƙofa huɗu, an yi ta da tunanin hanyar ƙauye. A Najeriya ta Jamus aka fi sani, musamman da aka riƙa haɗa ta a Legas daga 1975. Ita kuwa 2CV ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka ta fi bi.

Ta yi wani abin kirki a Afirka?

Ta yi. A 1958 Citroën ya nuna wani samfuri mai suna Sahara, don masu aikin mai da jami'ai a hamadar Afirka ta Arewa. Maimakon a ƙera sabon tsarin jan taya huɗu, sai aka sa inji na biyu a but. Na gaba ya ja tayoyin gaba, na baya ya tura na baya, makulli biyu, totur ɗaya, sandar giya ɗaya, tankunan mai a ƙarƙashin kujerun gaba, safaya a kan hanci. In ɗaya ya lalace, ɗayan ya kai ka gida. Ba su kai 700 ba waɗanda aka ƙera.

A Abijan kuma, a shekarun 1960, aka fara ɗora wani bodi na shimfiɗaɗɗen kwano a kan shasi da injin dangin 2CV, aka sa masa suna Baby Brousse. Lanƙwasa kwanon kawai ake yi, ba a bukatar manyan injinan matsa ƙarfe.

Sai tafiyar 1973, wadda ta shafi Nijar kai tsaye. Ayarin 2CV guda 60, matasa ne ke tuƙi, suka tashi daga Abijan zuwa Tunis, tafiyar kilomita kusan 8,000, suka ratsa hamadar Tenere. Motoci ne masu jan taya biyu kawai. Rashin nauyi ne ya cece su: motar da mutum uku ko huɗu za su iya turawa ta fita daga rairayi ba ta bukatar a jira babbar mota ta zo ta ja ta.

Mene ne aibinta?

Babban aibin shi ne karo. Kwanon siriri ne, ginshiƙan rufi sirara ne, babu abin da zai shanye bugu kafin ya iso ga mutum. A hanyar ƙauyen 1950, inda abokin tafiya keken doki ne, wannan bai dami kowa ba. A titin da manyan motoci ke gudu, magana ta canja, kuma ba zan ɓoye wa mai sha'awarta wannan ba.

Tsatsa tana cin shasinta, musamman inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Tana da ƙara a ciki. Iska mai ƙarfi daga gefe tana ture ta. Ɗuminta a lokacin sanyi, wanda ake ɗebowa daga zafin bututun hayaƙi, ba ya isa. Wuce babbar mota a hanya kuwa sai da dogon lissafi.

Me ya sa aka daina ƙera ta, kuma guda nawa aka yi?

Tun 1961, da Renault 4 ta fito da ƙofar baya da inji mafi ƙarfi, ta samu kishiya ta gaske. Kasuwarta ta yi sanyi a ƙarshen shekarun 1960, sai tsadar mai ta 1973 ta dawo da ita, wannan karon a hannun ɗalibai da matasan birni. Samfurin Charleston mai launi biyu, na 1980, ya ƙara mata kwana. A 1981 aka sa mata birkin faifai a gaba.

Amma dokokin kariya daga haɗari da na hayaƙi suna ta ƙara tsauri, kuma haɗa ta na cin hannun ma'aikata da yawa a zamanin da sauran motoci injina ke haɗa su. A 1988 aka rufe tsohuwar masana'antar Levallois da ke gefen Paris, aka mayar da aikin Mangualde a ƙasar Fotugal. A can ta ƙarshe ta fito ranar 27 ga Yuli, 1990.

An ƙera sama da miliyan 3.8 na motar fasinja, da sama da miliyan 1.2 na mai akwatin kaya da aka fara a 1951, jimilla fiye da miliyan 5. Boulanger bai ga sai farkon wannan ba. Ya rasu a haɗarin mota a Nuwamban 1950, shekara guda bayan manoman farko sun karɓi nasu.